Inda Bakan Gizo Ya Sauka

Shekara goma sha ɗaya Fintan Dirrane yana neman auren Nuala, shekara goma sha ɗaya tana ba shi amsa guda: "Ranar da bakan gizo ya sauka a kan gidana, ka je coci ka gaya wa Fada ya sa rana."

Kaf tsibirin an san zancen. Shi tuzuru ne mai shekara sittin da takwas, ya tsufa a kwalekwalen kamun kifi. Ita kuma mijinta ya daɗe da rasuwa. A nan yammacin Ireland, inda ruwa da rana suke karɓa-karɓa sau goma a wuni, bakan gizo ba baƙon kowa ba ne. Ya sauka a kan coci, ya sauka a kan gidan waya, har a kan akurkin kajin wani marowaci an gan shi. Gidan Nuala ne kawai ya ƙi, kamar da gayya.

Bara Fintan ya gaji da jira. Ya jawo tiyo da hantsi, ya ba rana baya, ya fesa ruwa sama a ƙofar gidanta. Bakan ya fito kuwa, ɗan mitsitsi, shanyarta kuma ta jiƙe sharkaf.

"Na Allah na ce maka, ba na famfo ba, tsohon banza!" in ji Nuala, tana jifansa da rigar matashi.

To, yanzu wasa ya ƙare. Ranar Asabar 'yarta Orla za ta zo a jirgin ruwa ta tafi da ita birnin Galway, wai gwiwar uwar ta lalace, zaman kaɗaici ya isa haka. An riga an ɗaure kwalaye. Yau kuwa Alhamis. Fintan tsoro yake ji, tsoro na gaske, don ya san in jirgin nan ya tashi da ita, babu wanda zai sake zaginsa ya ji daɗi har cikin ransa.

Da yamma yana zaune a mashigar jirgi, can yammacin tsibirin, yana ɗinke raga. Ruwa ya tsuge masa a ka ya wuce gabas, rana ta leƙo daga ƙasa-ƙasa ta bayansa, inuwarsa ta miƙe zalalo a gabansa. Shekara arba'in a teku sun koya masa abin: rana a ƙeya, ruwa a gaba, ka bi inuwarka da ido sannan ka ɗaga kai. Ya ɗaga.

Ga bakan gizo nan tun daga teku har tudu, ja a waje, shunayya a ciki, kamar yanzu aka wanke shi. Ƙafarsa ta hagu kuma daram a kan bututun hayaƙin gidan Nuala.

Fintan ya kurma ihun da ya tashi tsuntsayen bakin ruwa. Ya haye keke da allurar raga a hannu, takalmi ɗaya ya fice, bai ko waiwaya ba. Breda mai gidan waya ta leƙo ta taga.

"Fintan! Gobara ake yi?"

"Aure ake yi!"

"Na wa?"

"Ki nemi hular biki, ki daina tambaya!"

Amma yana taka keken, bakan yana zamewa. Ya sauka daga bututun, ya bi ta kan katanga, ya yi gaba abinsa. Fintan ya san halinsa sarai: kowa da nasa yake gani, daga inda ya tsaya, ka matsa ya matsa. Daga mashigar jirgi kaɗai yake kan gidanta. Ke nan sai an kai Nuala can, da gwiwar da ba ta taka tudu, kafin ruwan ya ɗauke.

A ƙofar gidanta akwai baro cike da dankali. Ya tuntsurar da shi, dankali ya bazu har kan hanya.

Nuala ta fito hannu duk gari, burodinta na kan wuta. Ta kalli dankalin, ta kalli ƙafarsa mai safa, ta yi masa kallon sama da ƙasa.

"Yau kuma wace hauka ce ta motsa?"

"Shiga baro."

"In shiga me?"

"Baro, Nuala, don Allah! Ya sauka! A kan bututunki, na rantse, da idona na gani! Daga can ake ganinsa, minti biyar in tura ki."

"Ni? A baro? Kamar buhun taki, duk gari na kallo? Ka sha wani abu ne?"

"Shayi kawai, tun safe. Zan shimfiɗa miki rigata!"

Ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa ƙyaure. Shi ma dariyar ta kama shi, haki na cinsa, yana cire riga, hannu ɗaya ya maƙale. Can ta share hawaye da bayan hannu, gari ya shafe mata hanci, ta tako waje, ta juya wa rana baya, ta dubi gabas.

Dariyar ta tsaya.

Fintan ya bi idonta. Bakan ya yi nisa, ya fara kodewa ta sama. Ko da mota ce ba za a kai mashigar jirgi yana nan ba.

"Ya gudu," in ji shi a hankali. "Ɗazu nan yake, Nuala. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, in ban da ta nauyin kifi."

"Yi shiru. Wancan rufin wa ye?"

Ya ƙanƙance ido. Can kan tudu, bayan gonaki uku, ƙafar bakan ta tsaya a kan wani ɗan farin gida mai karkatacciyar ƙofa, wandon aiki na lilo a igiya.

"Nawa ne. To amma ai cewa kika yi gidanki."

"Na san abin da na ce." Ta daɗe tana kallo, har jan ya soma bajewa. "Shekara goma sha ɗaya ina leƙensa ta tagar nan, kullum ina mamakin abin da ya hana shi zuwa. Ashe ni ce ban san gidana ba."

Don murna Fintan ya zauna daɓas a cikin baron.

"Tashi daga ciki, malalaci," in ji Nuala. "Kwalaye tara ne, ga tudu. Ka fara da na tukwane, gobe ka je wurin Fada. Orla kuma kai za ka gaya wa, ni ba ruwana."

Daga cikin gida ƙaurin burodi ya fito. Babu wanda ya motsa.