Bencin Goggo Tela

An rufe tsohuwar majami'ar ranar Lahadi bayan sujada. An kwashe komai zuwa sabon gini, sai benci ɗaya. Goggo Tela ce zaune a kansa, ta ce ba inda za ta.

Kunnenta ya daɗe da toshewa. In Fasto yana wa'azi, bakinsa take kallo, ta tsinci abin da ta iya. Waƙa ce ba ta taɓa wuce ta ba. Bencinta na gaba ne, ƙafarsa ɗaya tana manne da dandamalin katako inda ake kafa babbar ganga. Da mai ganga ya ɗora hannu, sai bugun ya bi katako, ya hau benci, ya shiga ƙashin bayanta. Da haka take gane waƙar da aka ɗauko, ta kama baiti daidai da kowa. A sabon ginin kuwa kujerun roba ne, ƙasa duk tayil.

Marigayi mijinta, kafinta, shi ya ƙera bencin tun suna da ƙuruciya. A kansa suka jera 'ya'yansu, tana mintsinin mai gyangyaɗi. A kansa ta yi godiya ranar da autarta ta tashi daga doguwar jinya. Nan kuma ta dawo ta zauna ita kaɗai makon da aka binne shi.

A sujadar ƙarshe an rufe da waƙar godiya. Ta kifa tafukanta a kan katakon, ta rufe ido. Ba ta roƙi komai ba. Ta gode wa Ubangiji da ya bar mata wannan 'yar ƙofa bayan kunne ya rufe.

Da jama'a suka watse, ɗan ƙanenta, wanda yake cikin dattawan ikilisiya, ya tsuguna a gabanta don ta ga bakinsa.

"Goggo, mota na jira."

"Ta jira. Ni na kira ta?"

"An tanadar miki kujera mai hannu, har da katifa."

"Katifa? Barci zan je yi?"

Ya yi dariya, ya share gumi. "Allah yana can ma, Goggo."

"Ji min ɗan nan! Tun kana jiƙa min zane a kan bencin nan na san haka. Yana ko'ina. Amma ni ta nan nake jin kusancinsa. Ku kuna da kunne."

Ya kira mai ganga, suka lallashe ta ta miƙe, suka ɗora bencin a mota. Ita ta zauna a gaba, tana waiwaye.

An sauke shi a barandar sabon gini. Wasu dattawan sun ce zai ɓata jerin kujeru. Mai ganga ya ce ko an shigar da shi, tayil ba ya ɗaukar bugu, sai an haɗo da dandamalin. Dandamalin kuwa an riga an yi wa makarantar unguwa alkawarinsa.

Dattawa za su zauna kan maganar bencin ranar Laraba. Goggo ta ce Lahadi mai zuwa za ta zo da wuri.