An Kashe Rediyo

A madubi ya fara ganin ta. Yana tsaye kan wani dattijo, ya aske masa rabin kai, injin aski na kuka a hannunsa, sai ya hango 'yarsa a bakin ƙofar shago, jakar makaranta na reto a kafaɗarta. Ba ta yi sallama ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa shi kashe injin. Yarinyar da tun daga kan kwana ake jin muryarta, wadda duk layin ba mai kiran ta da sunanta na gaskiya sai Rediyo, ba ta taɓa shigowa shiru ba.

Ya juyo ya dube ta. Kewayen bakinta ya yi ja, ja mai kusurwa huɗu kamar an gwada da rula, fatar leɓenta na sama ta ɗan ɗaye.

"Rediyo, wa ya yi miki wannan?"

Ta dubi dattijon, ta dubi gashin da ke zube a ƙasa, ta raɓa ta bayan kujera ta zauna kan bencin masu jira.

"Je ka duba 'yarka, Mai Aski," in ji dattijon. "Rabin kan nan ba inda zai je."

Ya durƙusa gabanta, ya kai yatsa gefen bakin a hankali. Yatsan ya manne. Danƙon salatef ne.

* * *

Farkon zangon nan ne makarantarsu ta fito da sabon darasi, wai na sanin zuciya da iya zama da mutane. Aka manna fuskoki na kwali a bangon aji, mai murmushi, mai kuka, mai fushi, mai tsoro. Aka ce wa yara duk abin da mutum ya ji a ransa yana da suna, kuma faɗinsa ba laifi ba ne. Yawancin yaran haddacewa suka yi saboda jarrabawa. Rediyo kuwa, 'yar aji uku, ta yarda da maganar har zuci, ta kwaso ta ɗungurungum ta kawo gida.

Wata rana wuta ta ɗauke yana tsakar aiki, masu jira suka watse, ya dawo gida yana neman wanda zai sauke wa haushi. Aka yi rashin sa'a ƙaninta Auta ya kifar da kofin ruwa a kan tabarma. Har ya ɗaga hannu, sai ta shiga tsakani.

"Baba, fushi ne ya kama ka. Ja numfashi a hankali, kamar kana shaƙar fure."

Mamanta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Shi kuwa ya tsaya da hannu a sama. A gidan da ya tashi, yaro in ya yi kuka ƙara masa ake yi. Ba wanda ya taɓa tambayar sa me ke damun sa, har ya yi gemu. Ya sauke hannun, ya ja numfashin, don dai ta bar shi. Abin haushi, sai ya ji sauƙi. Tun daga nan ya riƙa yi mata kirari a shago, duk wanda ya zauna masa a kujera sai ya ji labarin 'yarsa likitar zuciya.

Da yammacin ranar salatef, mamanta ta ɗora ta a cinya tana shafa mata mai a baki. Shi yana jingine da ƙofa. Labarin ya fito guntu-guntu, da murya ƙasa-ƙasa.

Masu ba makarantar tallafi a kan darasin ne suka zo duba yadda ake koyar da shi. Tun kafin zuwansu Malama ta yi ta gwada wa yara: duk wanda aka tambaya, fuskar murmushi zai nuna. Da safiyar ranar aka ware waɗanda rigarsu ta yage, da wani yaro mai i'ina da ke zama benci ɗaya da Rediyo, aka tura su sito, inda ake ajiye karyayyun kujeru, aka rufe. Bango ɗaya ne tsakanin siton da ajin.

Wata baƙuwa mai ƙamshin turare ta sunkuyo ta tambayi Rediyo yadda take ji yau. Rediyo ta tashi, ta je bango, ta ɗora hannu a kan fuskar kuka.

"Na ce abokina yana sito, yana tsoron duhu, ina jin kukansa ta bango."

"Sai matar ta ce me?" in ji mamanta.

"Ta ce ni yarinya ce mai tausayi, a tafa mini. Hedimasta ya ce mata ɗakin hutawa ne, ba su da lafiya. Suka ɗauke ni hoto, suka tafi."

Ƙurar motar baƙi ba ta lafa ba Malama ta ɗauko salatef. Ta liƙe mata baki, ta tsayar da ita gaban allo har aka tashi, ta ce duk wanda bai yi dariya ba shi ma zai fito.

"Mama, ai ita ta ce faɗi ba laifi ba ne."

Mamanta ta ɗago ta dubi mijinta, shi kuma ya fita waje don kada yaran su ga fuskarsa.

* * *

Washegari bai buɗe shago ba. Ofishin Hedimasta na da fanka da labule, da sabuwar takardar yabo a cikin gilas. Hedimasta ya saurare shi, hannuwa a haɗe kan tebur, yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi.

"Baban yarinya, na ga alamar fushi a tare da kai. Mu ja numfashi tukuna."

Mai Aski ya ji jini ya hau masa kai. Maganar 'yarsa ce, maganar da ta sauke masa hannu daga kan Auta, aka ɗauko ta ana toshe masa baki da ita.

"Ranka ya daɗe, ba numfashi na zo ja ba. Kun ce wa yarinya ta faɗi abin da ke ranta. Ta faɗa. Kun liƙe mata baki kamar kwali."

"Akwai faɗi, akwai kuma sanin lokacin faɗi. Shi ma yana cikin darasin."

"Yaran da kuka kulle a sito fa, wane ɓangaren darasin ne?"

Hedimasta ya gyara zaman gilashinsa, ya aika a kira Malama. Ta shigo da ƙurar alli a hannun riga, idanunta jawur don gajiya. Mai Aski ya zaci zai ga azzaluma, sai ya ga mace wadda ita ma a tsorace take.

"Baba, yini guda aka zaunar da mu, aka ba mu kwalaye, aka ce mu je mu koyar. Ajina, yara a kan taga suke zama. An ce mini in baƙi suka ga aibu, aikina ne a bakinsa. 'Yarka ta kusa raba ni da abincina."

"Shi ya sa kika huce a kan bakinta."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ce a yi haƙuri ba.

Hedimasta ya rufe zancen cikin ruwan sanyi. Yarinya za ta ba Malama haƙuri gaban ɗalibai a wurin taron safe, a wuce wurin. In kuma iyayenta na ganin makarantar ba ta dace da ita ba, akwai iyaye da yawa da ke roƙon gurbi.

Daga nan ya zarce garejin baban yaron nan mai i'ina, wanda shekara da shekaru shi ke yi masa aski. Ya same shi kwance ƙarƙashin mota. Mutumin ya leƙo, ya ji bayani, ya goge hannu da tsumma.

"Na ji. Yaron ya kwana yana firgita. To amma Mai Aski, da ƙyar suka karɓe shi da wannan bakin nasa. In na je na yi magana, ina zan kai shi? Ka bar ni da abin da nake ciki."

Ya koma ƙarƙashin motar.

A gida ma tambayar ke nan. Ɗaya makarantar tana can ƙetaren babban titi, inda manya ma sai sun riƙe rai suke tsallakawa, kuma ta cika. Mai Aski ya yi ta faɗa, ya ce ko zai rufe shago ya koyar da ita da kansa ba za ta ba kowa haƙuri ba. Matarsa ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baban Rediyo, ka gama? To ina za mu kai ta?"

Shi da kansa ya raka Rediyo. A bakin ƙofar makaranta ya durƙusa yana gyara mata igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ki ba ta haƙuri kawai. Daga yau in an tambaye ki, ki nuna fuskar da suke so."

"Ko ba ita nake ji ba, Baba?"

Ya daɗe yana ɗaure igiyar.

"Ko ba ita ba ce."

Bai tsaya taron ba. Amma lasifikar makarantar na da ƙarfi, muryarta ta bi shi har kan kwana.

* * *

Jan bakin ya warke. Masu zuwa aski suka riƙa tambaya ko batirin Rediyo ne ya ƙare, yana yi musu yaƙe. Ƙarshen zango ta ci darasin sanin zuciya fiye da kowa a ajin.

Wata ranar hutu ya dawo cin abincin rana, ya ji murya a bayan ɗaki, wurin igiyar shanya. Ya leƙa. Ta jera takalman gidan gaba ɗaya a kan siminti, sahu-sahu, nasa manya a baya, na Auta ƙanana a gaba. Wani silifa mai tsinkakken hanci ta kife bokiti a kansa, can gefe. Tana tsaye gabansu da tsinken tsintsiya, ta goya hannu ɗaya a baya.

"Wa ke baƙin ciki a ajin nan?"

Ta bi takalman da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ta jira.

"Babu. Madalla. Ku tafa wa kanku."