Tsutsar Kabejin Yaya Lieven

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ciyar da tsutsotsin yayana Lieven a gidanmu da ke garin Veere. Shi aikinsa ya zana kowace tsutsa, ya rufe ta a kwalba, ya jira abin da za ta zama, ya rubuta a littafinsa da harshen Latin. Ni kuwa nawa tsinko ganye.

Wata safiya ya ƙwala mini kira. Tsutsar kabejin da muke jira ta zama farin malam-buɗe-littafi ta mutu, ƙananan ƙwari baƙaƙe sun cika kwalbar.

Ya ce, "Tanneken, kin bar ta da yunwa! Tsutsa in ba ta ƙoshi ba, ƙuda take haifa."

Na ce, "Yunwa? Ai ta fi ka cin kabeji, Yaya. Tun tana lambu na ga wani ɗan ƙwaro mai siririn ƙugu kamar zanzaro ya hau bayanta yana soka mata tsini. Ƙwai ya zuba mata. 'Ya'yansa ne suka cinye ta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "A wane littafi kika karanta wannan, malama?"

"A gindin kabeji. Kai rabonka da durƙusawa can tun Inna na da rai."

Ya tsoma alƙalami ya rubuta nasa.

Da littafin ya fito, fastonmu ya fassara mini shafin. Sunana ya fito sau ɗaya tak: wai sakacin Tanneken ne ya sa tsutsa ta haifi ƙuda.