Sunan Nicanor Bai Fito Ba

Shekara shida ke nan Eufemia tana shiga motar asuba kowace Lahadi zuwa gidan yarin babban birni, da dafaffen wake da wainar masara a ƙunshe. Mijinta Nicanor ne a ciki. Rikicin iyakar gona ya kai shi: ya sari wani da adda, mutumin bai mutu ba, alƙali ya yanke masa shekara tara. Yanzu tari ya kama shi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Duk Kirsimeti shugaban ƙasa yakan yi wa wasu fursunoni afuwa. Sau uku tana cika takarda, shiru.

Wata Lahadi a layin shiga, wani mai ƙamshin turare da ake kira Lauya Ubaldo ya ja ta gefe, yana kiranta Doña, wato uwargida.

"Doña, takarda ba ta tafiya da kanta, sai an ɗauke ta. Ina da mutum a fadar shugaba. Ai kuna da gonar kofi, ko?"

Mako guda ta yi tana juya maganar. Ta gaji da girkin mutum ɗaya. Da ta gaya wa Nicanor, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tsohuwa, ki sayar da gonar da na shigo nan a kanta? In na fito in koma ina, gidan Ubaldo?"

"Kai na aura, ba gona ba, mai taurin kan tsiya."

"Ki bar ta. In na rufe ido ita nake gani, kina ciki kina tsinkar kofi."

Ba ta sayar ba. Ranar da aka karanta sunaye a rediyo, ta tsaya da tsintsiya a hannu har aka gama. Ta ji sunan wani dillalin ƙwaya da duk gari ya sani. Ba ta ji na Nicanor ba.

Bayan wata biyu jaridu suka fasa ƙwai: ana zargin sayar da afuwa, har da farashi. Fada ta musanta, Ubaldo ya ɓace, aka dakatar da afuwar gaba ɗaya. Daga baya likitan gidan yari ya shaida mata takardarsu ta kusa fita lokacin da aka dakatar da afuwar, saura sa hannu ɗaya.

Wannan kam ba ta gaya wa Nicanor ba. Ta zauna gabansa, ya ce, "Ba ni labarin gida." Ta fara daga sabuwar gadar da aka yi a rafi, shi kuwa yana ta cewa ta bi a hankali, kada ta tsallake komai.