Bakin Kakannin Islande a Albarika

"Zali, kara masa wayar a kunne," in ji Hajiya Zouéra, ƙanwar Baba Moutari da ta iso daga Djougou da safe. "Su gaisa kawai, sai in laƙanta masa shahada."

Zali ta durƙusa gefen katifar. Katanga ce kawai tsakanin gidansu da nasa, kuma ita ke kai masa kunu tun da shanyewar jiki ta kwantar da shi. Da ƙuruciya ya bi jirgin ruwa daga Cotonou har Islande, ƙasar ƙanƙara a arewacin Turai, ya yi aikin kifi, ya auri malama mai koyar da tsohon harshen ƙasar. Da ta rasu ya dawo unguwar Albarika a Parakou, 'yarsu Shakira ta zauna can.

Kowace Juma'a Shakira kan bugo ta karanta tsohuwar waƙa da bakin mutanen yau, shi kuma ya maida mata da bakin kakanninsu, yadda uwarta ta koya masa.

"Rubutun yana nan inda yake, bakin ne ya yi tafiya," ya taɓa gaya wa Zali. "Inda kakanni ke jan 'aa', jikoki 'au' suke cewa. Ɗago kanki mana, sarauniyar kunya, gwada in ji."

Yanzu Shakira na karanta masa waƙar a wayar. Da ta tsaya, Baba ya buɗe baki. Harshen ya ƙi ɗagawa, sai dogon sauti, ya numfasa, ya ja wani.

"Innalillahi, gargara ce!" in ji Hajiya. "Kashe wayar nan."

Zali ba ta taɓa musu da babba ba. Ta ƙanƙame wayar, idonta a ƙasa.

"Hajiya, don Allah. Amsa mata yake yi. Bai kai ƙarshe ba."

Hajiya ta dubi yayanta, ta zauna a hankali. "To ƙarasa, Yaya. Kai dai ko a nan sai ka yi naka."

Ya ƙarasa, gumi na tsattsafo masa. Shakira ta yi dariya cikin kuka, ta ce da gurguwar Hausa, "Na ji, Baba. Duka na ji."

Sannan Hajiya ta sunkuya ta laƙanta masa, leɓensa na bin nata. Kafin la'asar ya cika.

Da motar Djougou ta tafi da gawarsa, Zali ta shiga share ɗakin. A ƙarƙashin matashinsa ta tarar da rigar ulu mai kauri irin ta Islande, gwiwar hannunta duk faci. Ta kakkaɓe ta, ta shanya a igiya, cikin zafin Parakou.