Gawar Hanyar Sunkani

Ranar Laraba Hammanjoda ya rasu, ya bar labari a tsakiya.

Malam Sirajuddeen, maƙwabcinsa a unguwar Majidaɗi, yana shan koko ya jiyo kukan mata ta kan katanga. Sai da ya shanye kokonsa tas sannan ya nemi hula.

Shi tsohon malamin adabi ne, ɗakinsa cike da littattafai, har da guda biyu da ya rubuta da kansa, waɗanda gara ta fi kowa karantawa. Hammanjoda kuwa tsohon malamin dabbobi ne, kuma Allah ya ba shi baki. Kullum bayan la'asar yana gindin mangwaron ƙofar gida, jama'a sun kewaye shi. Bai taɓa ƙare labari a rana ɗaya ba. Daidai inda numfashin mutum ya tsaya, sai ya kaɗe riga ya ce, "Magariba ta yi."

"Wannan ba fasaha ba ce, fashi ne," Sirajuddeen yakan ce.

"To Modibbo, babban malami, me ya sa kujerarka take matsowa kullum?" in ji Hammanjoda.

"Inuwa nake bi."

Abin da ya kasa yafewa shi ne dariyar Asta, marigayiya matarsa. Takan laɓe a zaure da ludayi a hannu tana sauraro har miya ta kama. Littafinsa na farko kuwa, ko gabatarwa ba ta gama ba barci ya kwashe ta.

Labarin ranar Talata na wani direba ne da ya ɗauko gawa daga Sunkani, daga shi sai ita a mota. Suna haye gada sai gawar ta yi tari. Direba ya ɗaga ido zai dubi madubi ke nan, ladan ya kira salla, Hammanjoda ya kaɗe riga.

A zaman makoki, bayan an shafa addu'a, Ɗanladi tela ya matso kusa da Sirajuddeen.

"Malam, kai ne ka yi karatu. Gawar nan fa, yaya ta ƙare? Wallahi tun jiya tuwo bai shiga cikina ba."

Sirajuddeen ya gyara murya. Ya yi bayanin jigo da zubi da yadda ake warware ƙulli, sannan ya ce bisa ƙa'ida, mutumin bai mutu ba, doguwar suma ya yi.

Ɗanladi ya miƙe. "Allah ya jiƙan Hammanjoda," ya ce, ya koma tabarmarsa.

Bayan sadakar uku, da la'asar, Sirajuddeen ya fito da kujerarsa. Inuwa ta koma can gefe, amma ya ajiye kujerar a inda ya saba. Shekara da shekaru tambayar nan tana bakinsa, yana jira wani ya yi ta a madadinsa. Ya duba dama ya duba hagu. Ba kowa sai akuya tana lasar ƙwallon mangwaro.

"Hamman," ya ce ƙasa-ƙasa, "sai kuma aka yi yaya?"