Hular Gidaɗo a Kan Wani

Jabir yana cikin shafa wa wata hula sitaci ya ɗaga kai, sai ya hango ta. Ga ta can tsakiyar tashar Jega, a kan wani dattijo da bai taɓa gani ba: koriyar kube mai aikin zare ruwan goro. Kwana huɗu ke nan yana nemanta.

Wankin hula ne sana'arsa, a gindin wata darbejiya da ke bakin ƙofar tasha. Shekara goma sha ɗaya yana nan, har ya kai yana gane mutum da hularsa kafin ya ga fuskarsa. Tun da aka yanke Jihar Kebbi bara, shigar mutanen garin ta sauya. Ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato sun zo da rigunan safari da takalma masu ƙyalli, mahauta sun shiga ɗinka shadda, 'yan kamasho kuma ba sa cire baƙin tabarau ko da hadari ya haɗu. Amma duk tashar babu wanda ake bi da kallo kamar Gidaɗo, direban Fijo na hanyar Yawuri. Farin kaftani, agogo a hannun dama, sai wannan koriyar hula. Ita ya kawo wanki. Jabir ya wanke ya shanya, ya tafi sallar azahar, ya dawo bai same ta ba.

Jiya Gidaɗo ya tsaya a gabansa ya ɗaga murya: "Gobe da marece in ban ga hulata ba, duk tashar ga za ta ji kai ke saida hulunan mutane." Kafin ya bar wurin, mutum biyu sun karɓe nasu ba a wanke ba.

Jabir ya goge hannu a wando, ya ce wa maƙwabcinsa mai shayi ya duba masa kaya, ya bi dattijon da gudu. Kafin ya isa, mutumin ya shige bas ɗin Maiyama. Jabir ya kutsa ya zauna a bayansa, gwiwoyinsa a jikin buhun albasar Aliero.

Daga nan yana ganinta sosai. Ga ɗan ɗinkin da shi da kansa ya yi mata ta baya wata uku da suka wuce, inda ta yage. Babu sauran shakka. Ya yi niyyar fizge ta tun kafin a fita daga gari, ya tara masa jama'a. Amma sai ya tsaya kallon mai ita. Wuyansa duk ya tsage da ranar gona. Rigarsa tsohuwa ce, farinta ya koma ruwan madara, amma ta sha guga, tana ƙamshin turare. Duk ramin da mota ta faɗa, sai ya kai hannu ya taɓa hular, ya tabbatar tana nan. Jabir ya haɗiye maganarsa har suka isa.

Suna sauka a Maiyama ya sha gabansa.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Na san ka?"

"A'a. Sunana Jabir, mai wankin hula a tashar Jega. Wagga da ke kanka, a shanyata aka ɗauke ta. Ta wani direba ce."

Dattijon ya dube shi. Bai yi musu ba, bai ce a kawo shaida ba. Ya sa hannu biyu ya cire ta ya miƙo. Kansa ya bayyana, sanƙo a tsakiya, furfura a gefe.

"Ni ne Rufa'i, daga Gehuru," in ji shi. "Shekaranjiya na saye ta gun wani mai gwanjo a kasuwa. Wallahi ban san ta sata ce ba. Amshi kayanka."

Jabir ya karɓa. Ya kamata ya juya ya nemi motar komawa. Sai ya lura Malam Rufa'i ba shi yake kallo ba. Idonsa na tsallaken titi, wajen wata rumfar mai tuwo, inda wata mata ke tsaye a kan tukunya.

"Can za ka, Baba?"

"Can na nufa." Ya shafa sanƙonsa. "Kande sunanta. Mai ɗakina ta rasu shekara uku ke nan, ita ma mijinta ya rasu. Mun san juna tun muna yara. Yau na ce bari in zo in faɗi abin da ke bakina. Yanzu kam sai wani jiƙon."

Jabir ya dubi hular, ya dubi rana. Da sauran lokaci kafin marece.

"Sunkuyo, Baba."

Ya ɗora masa ita, ya ɗan karkata ta hagu, ya turo ta gaban goshi. Ya ja da baya ya duba, ya gyara masa wuyan riga.

"In ka gama sai ka ba ni. Ni ma yunwa nake ji."

Suka tsallaka tare. Jabir ya zauna a ƙarshen benci kusa da wasu direbobi uku, ya ce a zuba masa tuwon shinkafa. Kande ta haura hamsin, tana sanye da atamfa shuɗiya, ta kafa ɗaurin ɗankwali mai tsayi, hannayenta sun sha lalle. Ta amsa sallamar Malam Rufa'i da fara'a, sannan idonta ya sauka kan hular, ya tsaya a can.

"Malam Rufa'i, sannu da hanya. Mi ya haɗa ka da Gidaɗo direba har ya ba ka aron kai?"

Direbobin suka juyo, suka fashe da dariya. Jabir ya ji kamar ya nutse. Sai yanzu ya tuna ta nan Gidaɗo ke wucewa kullum, kuma duk direban hanyar Yawuri a nan yake cin tuwo.

"Inna, ai irinta ce," in ji shi. "Suna da yawa a kasuwa."

"Samari, ci tuwonka. Ɗinkin ga na baya, ƙusar rumfata ce ta yage wurin. Ina tsaye aka yi."

Malam Rufa'i ya kai hannu kansa. Ya cire hular a hankali, ya miƙa wa Jabir ta saman kawunan masu dariya. Ya gyara tsayuwa, kansa babu komai, zufa na gangaro masa ta bayan kunne.

"To, Kande, ga kan nawa yadda yake. Aure na zo nema."

Dariyar ta ɗauke. Ɗaya daga cikin direbobin ya tsaya da loma a hannu. Kande ta juya ga tukunya, ta dinga motsa miyar da ba ta buƙatar motsi. Ta ƙara icce a murhu. Ta ɗauraye ludayi.

"A gaban masu cin tuwo za ka faɗi wannan?" in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Yayana yana Sarandosa, ka san gidan. Ka tafi gare shi ran Laraba. Kuma ka sa hular da na san ka da ita."

Ta zuba tuwo a sabon kwano, ta sa nama uku, ta ajiye masa a kan tabarma nesa da benci.

Da suka gama, Malam Rufa'i ya rako Jabir bakin mota. Ya yi ta juya hannu a aljihun riga, daga ƙarshe ya ciro wani abu a dunƙule ya warware. Tsohuwar hula ce, ta yi baƙi da zufa da hayaƙi, bakinta ya fara zarewa.

"Ɗana, wagga za ta wanku kuwa?"

Jabir ya karɓa ya juya ta a hasken rana. Ya kankare gefe ɗaya da farce. A ƙarƙashin dattin akwai aikin allura sirara, irin na da, wanda ya daɗe bai gani a kan kowa ba.

"Za ta wanku," in ji shi. "Amma sai ta kwana biyu a jiƙe. Ka zo ran Talata da hantsi."

Ya shiga mota ya samu wuri bakin taga. Ya cusa ta Gidaɗo cikin riga, ya matse ta da hammata. Tsohuwar kuwa ya shimfiɗa ta a kan gwiwa, yana bin zaren da yatsa, yana duba ta inda zai fara.